Amanar Na'urori Ba Ta Tsayuwa da Bulala Kaɗai

A watan Oktoban 1986 wani abu ya faru a Kaliforniya da ya ɗaure wa injiniyoyi kai. Layin sadarwar da ya haɗa ɗakin bincike na Lawrence Berkeley da jami'ar da ke maƙwabtaka da shi, tazarar da ba ta wuce yadi 400 ba, ya koma tafiyar hawainiya: daga bit 32,000 a daƙiƙa zuwa bit 40 kacal. Ba wanda ya yanke waya. Ba ɓarawo, ba maƙiyi. Kowace kwamfuta ce dai, da ta ga saƙonta bai isa ba, sai ta sake tura shi, ta kuma sakewa. Hanya ta cushe, cushewar ta sa saƙonni suka ƙara zubewa, zubewar ta sa aka ƙara turawa. Kowacce tana yin aikin da aka koya mata bilhaƙƙi, amma haɗuwarsu ta zama annoba.

Maganin da Van Jacobson ya wallafa a 1988 bai zo da ɗan sanda ko alƙali ba. Ladabi ya koya wa kwamfutocin: ki fara a hankali, idan kika ga saƙo ya ɓata ki ɗauka hanya ce ta cika, ki rage gudunki da rabi, sannan ki riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. Har gobe a kan irin wannan kawaici intanet yake tafiya. Biliyoyin na'urori na ja da baya don wasu su wuce, alhali babu mai tsaye a kansu da sanda.

Na ɗauko wannan tsohon labari ne saboda muna shiga zamanin da zaman na'urori ba sarki zai yawaita. Masana na kiransa tsarin wakilai masu yawa da ke tsara kansu: manhajoji ko na'urori masu cin gashin kansu, kowacce da mai ita, kowacce da abin da take nema, babu uwar na'ura a tsakiya mai ba da umarni, amma dole su yi aiki tare. Haka dubun-dubatar cibiyoyin sadarwa ke miƙa wa juna saƙonninmu, haka kwamfutocin kuɗin kirifto ke riƙe littafin lissafi ɗaya, haka manhajoji ke ciniki da juna a kasuwannin hannun jari. Yanzu kuma ga wakilai masu ƙirƙirarriyar basira da ake so mu riƙa aika, su taya mana kaya, su tsara mana tafiya, su biya kuɗi da sunanmu, su yi magana da wakilan wasu. Ranar da ɗan aikenka ya zama manhaja, maganar wa za ta yarda da shi, wa kuma zai yarda da ita, ta tashi daga ta injiniyoyi ta zama taka.

Abin da ke damuna shi ne, akasarin ƙarfin da ake kashewa a wannan fage ya karkata ga kama maci amana da korarsa. Ban ce a daina ba. Amma a ganina abin da ya fi saurin wargaza taron na'urori shi ne kasa bambance wanda ya yi kuskure da wanda ya yi ha'inci, da rufe ƙofar dawowa ga wanda aka taɓa hukuntawa.

Macuta kam akwai su, kuma an daɗe da yin lissafinsu. A 1982 Leslie Lamport da Robert Shostak da Marshall Pease suka kafa misalin hafsoshin Bizantiya da suka kewaye birni, suna aika wa juna manzanni don su daidaita kan kai hari ko janyewa, alhali akwai munafukai a cikinsu masu faɗa wa wannan abu kaza, su faɗa wa wancan akasinsa. Suka tabbatar cewa in da saƙon baka ake aiki, sai masu gaskiya sun haura kashi biyu cikin uku kafin a iya daidaitawa: munafuki ɗaya na buƙatar hafsoshi huɗu, munafukai biyu na buƙatar bakwai. Akwai kuma cima-zaune. A shekarar 2000 Eytan Adar da Bernardo Huberman suka leƙa Gnutella, dandalin musayar fayil da ba shi da shugaba, suka tarar kusan kashi 70 cikin 100 na mahalarta ba sa ba da komai, kwasa kawai suke yi, yayin da kashi 1 cikin 100 na masu bayarwa ke ɗauke da kusan rabin nauyin. Duk wanda ya ga irin wannan, abu na farko da zai zo masa shi ne a ɗauko bulala.

To amma mu dubi abin da bulala ke yi idan ita kaɗai ce. Robert Axelrod na Jami'ar Mishigan ya shirya wata gasa da aka wallafa sakamakonta a 1980, inda manhajoji suka riƙa karawa da juna a wani wasa mai sauƙi. A kowane zagaye, ko ka haɗa kai ko ka ha'inci abokin wasa. In kun haɗa kai, kowa maki 3. In kun ha'inci juna, kowa maki 1. In kai ka ha'inta shi kuma ya riƙe amana, ka tashi da 5, shi ya tashi hannu rabbana. Manhajoji 14 suka shiga karon farko, 62 suka shiga na biyu, wasu cike da wayo da tarko. Wadda ta lashe duka biyun ita ce mafi gajarta, ta Anatol Rapoport, kuma dabararta ba ta wuce ba ni gishiri in ba ka manda ba: ta fara da haɗin kai, daga nan duk abin da ka yi mata a zagayen baya shi za ta mayar maka.

Mutane da yawa nan suke tsayawa da labarin, su ce ashe ramuwa ce sirrin zaman lafiya. Ni ma a nan na tsaya tsawon lokaci, har ranar da na zauna da biro da takarda na ja layi biyu, na sa irin wannan manhaja a kowane gefe, na bi wasan zagaye-zagaye. Suna ta haɗa kai lafiya lau. A zagaye na goma sai na ɗauka cewa saƙon ta hagu ya gurɓata a hanya: ita ta riƙe amana, amma ta dama ta ga kamar an cuce ta. Zagaye na goma sha ɗaya ta dama ta rama. Ta hagu, wadda a saninta ba ta yi laifin komai ba, ta rama a na sha biyu. Ta dama ta sake ramawa a na sha uku. Na cika shafi ina bin su, babu inda abin ya tsaya, wannan ta sara wancan ta sara, kuma kowacce in ka tambaye ta za ta rantse ita aka fara zalunta. Babu mugu ko ɗaya a takardar nan. Saƙo ɗaya ne ya ɓata.

A duniyar zahiri kuwa, ɓatan saƙo abin yau da kullum ne. Batir na mutuwa, agogon wannan na'ura na saɓa wa na waccan, sabis na ɗaukewa ana tsakiyar magana. Shi ya sa binciken da Martin Nowak da Karl Sigmund suka wallafa a 1992 ya fi gasar Axelrod tsaya mini a rai. Da suka sa kuskure cikin wasan, suka bar dabaru na gogayya tsara bayan tsara, wadda ta yi rinjaye daga ƙarshe ita ce mai ramawa amma tana kau da kai lokaci-lokaci, kusan sau ɗaya cikin uku. Wannan ɗan kau da kan shi ke yanke igiyar gaba.

Bram Cohen, wanda ya fito da manhajar musayar fayil ta BitTorrent a 2001, ya gina wani abu mai kama da haka, kuma ina ganin shi ne ɓangaren da ya fi hikima a manhajar. Kwamfutarka na ba da guntayen fayil ga 'yan ƙalilan, galibi huɗu, waɗanda suka fi ba ta. Wannan sakayya ce. Amma a kowace daƙiƙa 30 tana buɗe ƙofa ɗaya ga wani da ta zaɓa da ka, ko da bai taɓa ba ta komai ba, kuma sabon shiga ya fi kowa damar a zaɓe shi. Dalilin a fili yake. Baƙon da ya iso yanzu ba shi da ko guntun fayil da zai bayar. In aka ce sai mai bayarwa za a ba, to ba zai taɓa farawa ba, taron kuma zai tsufa ya mutu da 'yan cikinsa.

Na san abin da za a ce mini, kuma gaskiya ne: mai yafiya shi ake cuta. A 2006 wasu masu bincike a Zurich suka rubuta manhajar da suka kira BitThief, wadda ke zagaya taro tana kalatar wannan kyauta ta baƙi daga ƙofa zuwa ƙofa, har ta sauke fayil sukutum ba ta ba da ko ƙwayar zarra ba. Matsalar ta ma fi haka zurfi. Mutum in ya ɓata sunansa, sunan na binsa. Manhaja kuwa sai ta yar da tsohon suna ta ɗauki sabo cikin ƙiftawar ido, ta dawo a matsayin baƙuwa mai neman alfarma. Eric Friedman da Paul Resnick sun nuna a 2001 cewa inda sabon suna ba ya cin ko sisi, dole jama'a su koma zargin duk wani baƙo, sai na kirki ya biya bashin da bai ci ba. Shekara guda bayan haka John Douceur ya bayyana abin da ya kira harin Sybil: mutum ɗaya ya ƙirƙiro sunaye dubu, su cika taro, su shaidi juna, su rinjayi ƙuri'a. Lissafin kashi biyu cikin uku ba ya aiki idan hafsoshi bakwai ɗin nan, biyar mutum ɗaya ne ya sauya rawani.

Ni abin da na karanta a nan shi ne yafiya na da sharaɗi: sai suna ya yi nauyi, sai ya zama akwai abin da mai shi zai yi asara in ya yar da shi. Tsarin kuɗin kirifto na Bitcoin ya sa nauyin a wutar lantarki da ƙarfin na'ura. Ethereum, wani tsarin kirifton, tun da ya sauya tsari a Satumban 2022, ya sa shi a jingina: mai son shiga sahun masu tabbatar da lissafi sai ya ajiye ether 32, wato kuɗin Ethereum. Abin da ya burge ni shi ne yadda aka yi wa hukuncin hawa-hawa. Wanda na'urarsa ta ɗauke na ɗan lokaci, ɗan abu kaɗan yake rasawa, in ya dawo ya ci gaba da aikinsa. Wanda ya sa hannu a kan maganganu biyu masu karo da juna, a yanki jinginarsa a fitar da shi. Girman yankan kuma ya danganta da yawan waɗanda aka kama da irin laifin a 'yan makonnin: in kai kaɗai ne, an ɗauka tuntuɓe ka yi, in kuna da yawa, an ɗauka baki kuka haɗa. Ga na'ura tana ƙoƙarin rarrabe ganganci da tsautsayi. Sai dai ban yarda jingina ta zama ita kaɗai ce ƙofar amana ba, domin ƙarshenta mai abin hannu ne kawai zai zama amintacce, ƙaramin mai shiga kuma sai dai ya raɓu da babba.

Ɗaya hanyar da aka fi yayi ita ce maki: kowa ya riƙa auna kowa, a tara, a fitar da lamba ɗaya da ke nuna amincinka. EigenTrust, da aka wallafa daga Jami'ar Stanford a 2003, ya yi wannan da kyakkyawan lissafi, inda shaidar amintacce ta fi ta wanda ba a sani ba nauyi. Amma don kada gungun macuta su yi ta yabon juna har su haye sama, sai da aka tanadi wasu 'yan tsiraru da aka amince da su tun farko. Wa ya zaɓe su? Wa zai sauke su in sun karkace? Duk tsarin da aka ce maka ba shi da sarki, ka duba da kyau, sau da yawa sarkin na nan, labule aka ja masa. Na fi son a nuna mini shi in san ƙofar da zan kai kuka.

Wadda ta fi ba ni haske a kan wannan duka ba injiniya ba ce. Elinor Ostrom, mace ta farko da ta samu kyautar Nobel a fannin tattalin arziki a 2009, ta shafe shekaru tana nazarin al'ummomin da suka riƙe ruwa da daji da makiyaya na tarayya ɗaruruwan shekaru ba tare da sun cinye su ba, daga ƙauyen Törbel a tsaunukan Suwizalan zuwa manoman rani na Balensiya a Sifaniya, waɗanda kotun ruwansu ke zama duk Alhamis a ƙofar babbar majami'ar garin, a saurari ƙara da baki a yanke nan take. A littafinta na 1990 ta fitar da ƙa'idoji takwas da ta ga suna maimaituwa. Akwai sanin iyakar wa ke ciki wa ke waje, akwai sa ido, amma masu sa idon daga cikin jama'ar suke ko kuma jama'ar ke iya tuhumarsu. Waɗanda doka ta shafa suna da baki wajen gyara ta. Hukunci na farawa da ɗan ƙarami, sai an maimaita yake girma. Sannan akwai wurin sasanci mai sauƙi, mai araha, kusa da kowa. Jeremy Pitt na Kwalejin Imperial da ke Landan da abokan aikinsa sun mayar da shida daga cikin ƙa'idojin nan zuwa dokokin da manhaja za ta iya bi, a wani aiki da suka wallafa a 2012, suka gwada su a kan wakilan da ke rabon abin tarayya, suka ga taron da ke da su ya fi daɗewa bai watse ba. Ina ganin wannan ce hanyar da ta cancanci a zuba mata ƙarfi fiye da yadda ake yi yanzu.

Domin duk lokacin da abu ya ɓaci da gaske, ga mutane ake komawa. Ranar 24 ga Fabrairun 2008, kamfanin sadarwa na Pakistan ya yi niyyar toshe YouTube a cikin ƙasar bisa umarnin gwamnati, sai sanarwar ta zille waje ta hannun wani kamfanin Hong Kong. Na'urorin da ke raba hanya a intanet, waɗanda aka gina su a kan gaskata abin da maƙwabci ya faɗa, suka ɗauka, suka yaɗa, YouTube ya ɓace wa yawancin duniya na kusan awa biyu. Injiniyoyi ne suka nemi juna suka warware, kuma abin ya yiwu ne don kowace cibiya tana da lamba da suna da wanda za a kira. A 2016 ma, da aka bi ta wata ɓaraka aka janye ether miliyan 3.6 daga The DAO, wani asusun tarayya da manhaja ke gudanarwa a kan Ethereum, masu cewa abin da manhaja ta zartar shi ne doka sun ga iyakar maganarsu. Jama'ar Ethereum suka yi ta muhawara, a watan Yuli mafi yawansu suka zaɓi a mayar da kuɗin, waɗanda suka ƙi suka ci gaba da tsohon littafi da sunan Ethereum Classic. Kotun ɗaukaka ƙara ta zauna, sai dai an kafa ta ne cikin gaggawa bayan gobara ta tashi, ba wanda ya san dokarta tun farko.

Yarda ido rufe ma cuta ce, kada a ɗauka sassauci kawai nake kira. A 2011 manhajojin wasu dillalan littattafai biyu a Amazon suka jingina farashinsu da na juna a kan wani littafin kimiyya game da ƙuda. Ɗaya na sa nata ƙasa kaɗan da na ɗayar, ɗayar kuma na ɗora kusan kashi 27 cikin 100 a kan na ta farkon. Kullum sai su hau, har littafin ya haura dala miliyan 23 kafin dillalan su lura. Babu wadda aka koya wa cewa akwai inda in an kai, a tsaya a kira mai gida.

Wakilai masu ƙirƙirarriyar basira sun zo da sabbin ɓaraka biyu da ke hana ni sakin jiki. Ta farko, da harshen mutane suke magana, don haka ana iya yi musu daɗin baki. Wani zai ɓoye umarni a cikin wasiƙa ko shafin da wakilinka zai karanta, wakilin ya ɗauka daga gare ka ne, ya aikata. A idon sauran wakilai ya ci amana, alhali shi ma yaudararsa aka yi, kai kuma da ka aike shi ba ka san hawa ba ba ka san sauka ba. Ta biyu, dubban wakilai na iya zama 'ya'yan uwa ɗaya, daga ƙira ɗaya aka kwafo su. Abin da ya ruɗi ɗaya zai ruɗi sauran a lokaci guda. In goma suka shaidi abu, ƙila shaida ɗaya ce aka maimaita sau goma, kuma tsohon lissafin rinjayen masu gaskiya bai tanadi wannan ba.

Saboda haka abin da nake nema daga masu gina waɗannan tsare-tsare, da hukumomin da za su sa musu doka, bai tsaya ga ƙarin kwaɗo ba. Kowane wakili ya kasance da mutum ko kamfani a bayansa da za a iya kaiwa gare shi in ta ɓaci, ko da ba a baje sunansa a kasuwa ba. A riƙa ajiye tarihin abin da ya yi da abin da aka faɗa masa, yadda za a iya gane tuntuɓe daga ganganci. Hukunci ya zama hawa-hawa, tsohon laifi kuma ya riƙa dusashewa da lokaci. A rubuta tun ranar farko inda mai ƙorafi zai je, da wanda ke da ikon taka birki.

Wanda nake tunawa duk lokacin da ake maganar makin amana shi ne mafi rauni a taron. Ɗauki ƙaramar na'urar auna danshin ƙasa a cikin ɗaruruwan irinta da ke miƙa wa juna saƙo har ya isa inda ake tarawa. Tana can gefe, inda sigina ba ya kaiwa sosai, ganye ya rufe mata farantin sola, batirinta na ja da baya. Saƙon maƙwabciyarta ya zo, ba ta da ƙarfin miƙa shi gaba. A littafin maki an rubuta ta ƙi ba da haɗin kai. Gobe ma haka, jibi ma haka, sai sauran su daina karɓar nata saƙon, su zagaye ta. Mai gonar zai buɗe wayarsa ya ga ko'ina kore, ban da kusurwa ɗaya da ba ta cewa komai, kuma ita ce kusurwar da shukarsa ke bushewa.